Ciwon rikicewar hanji: gado ne, ko yanayin rayuwa ne ke jawo shi?

Tambaya: Mahaifiyata ta yi shekaru tana fama da murɗawar ciki da kumburi, wani lokaci gudawa, wani lokaci taurin bayan gida, kuma duk gwajin da aka yi mata ba a ga komai ba, daga ƙarshe aka ce ciwon rikicewar hanji ne. Yanzu ni ma abin ya fara mini, amma ƙanwata lafiyarta ƙalau. Shin gadonsa na yi, ko kuwa cimata da yanayin rayuwata ne? Akwai gwajin gado da ya kamata in yi, kuma me zan yi don kare 'ya'yana?

Amsa: Malama, Allah Ya ba mahaifiyarki lafiya, ke ma Ya kawo miki sauƙi. Gado yana da hannu a wannan ciwo, amma kasonsa bai kai yadda mutane ke zato ba, kuma abin da bincike ya nuna ana gada shi ne saurin jin jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Ko wannan saurin ji zai zama ciwo ko ba zai zama ba, ya danganta ƙwarai ga abin da mutum ya gamu da shi a rayuwa. Zan bi miki yadda masu bincike suka kai ga wannan matsaya, domin wanda ya san yadda aka samo amsa ya fi sanin iyakar inda za a dogara da ita.

Dole a fara da ma'anar ciwon, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da IBS, saboda babu gwajin jini ko hoto guda da ke tabbatar da shi, da alamu ake gane shi. Bisa ƙa'idojin Roma na huɗu, wato ma'aunin da ƙwararrun likitocin ciki suka fitar a 2016, ana cewa mutum yana da shi idan ciwon ciki yana dawo masa aƙalla rana ɗaya a mako cikin watanni 3 na baya, ciwon kuma yana da alaƙa da biyu daga cikin abubuwa uku, wato yin bayan gida, sauyin yawan zuwa bayan gida, da sauyin kamanninsa, sannan alamun sun faro tun watanni 6 da suka wuce. Wannan ma'ana ta fi wadda ta gabace ta tsauri, kuma an ga tasirin hakan a babban binciken da aka gudanar a ƙasashe 33 kan mutane sama da 73,000, wanda aka buga a 2021: da aka auna da tsohuwar ƙa'ida an sami kusan kashi 10 cikin 100 na mutane suna da ciwon, da aka auna da sabuwa kuwa sai adadin ya sauko zuwa kusan kashi 4. Na kawo wannan ne don ki gane cewa tun daga wurin ƙirga marasa lafiya ake samun saɓani, kuma duk alƙaluman da za su biyo baya suna ɗauke da wannan rauni.

Ba a jayayya cewa ciwon yana bin gida. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ke da shi ya fi sauran mutane yiwuwar samunsa. Matsalar ita ce mutanen gida ɗaya ba jini kaɗai suka haɗa ba, tukunyarsu ɗaya, ruwan shansu ɗaya, idan gudawa ta shigo gida tare take kama su, kuma daga iyaye yaro ke koyon yadda ake ɗaukar ciwo da yadda ake kuka da shi. Aikin mai bincike shi ne ya rabe aya da tsakuwa, kuma hanya mafi daɗewa ta yin haka ita ce nazarin tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan dukkan ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa rabi suka haɗa kamar sauran 'yan'uwa, alhali dukkansu gida ɗaya suka tashi. Idan gado ne ke jan ragamar ciwo, za a ga 'yan ƙwai ɗaya sun fi haɗuwa a kansa nesa ba kusa ba.

A 2001 an buga nazarin tagwaye sama da 6,000 bibbiyu daga jihar Bajiniya ta Amurka, inda aka sami haɗuwar ciwon a kusan kashi 17 cikin 100 na 'yan ƙwai ɗaya da kusan kashi 8 na 'yan ƙwai biyu. Ninki biyu ne, saboda haka gado yana nan. Amma ki duba adadin ta ɗaya gefen: ko da mutum yana da abokin tagwaitaka mai ƙwayoyin gado irin nasa sak wanda ke fama da ciwon, a mafi yawan lokuta shi ba ya samunsa. Wani abu kuma da ya fito a wannan nazari ya fi jan hankalina, shi ne cewa a cikin 'yan ƙwai biyu masu ciwon, kashi 15 mahaifiyarsu ma tana da shi, amma kashi 7 kawai ne abokin tagwaitakarsu ke da shi, duk da cewa rabin gado suka haɗa da uwa, rabi kuma suka haɗa da ɗan'uwan. Da jini ne kaɗai ke aiki da adadin biyu sun yi kusa da juna, don haka masu binciken suka fahimci cewa abin da yaro ke gani yana koya a gida yana da nauyi kwatankwacin na gado. Nazarin tagwaye na Norwe a 2006 ya goyi bayan tasirin gado, na Birtaniya a 2005 kuwa bai ga wani bambanci tsakanin nau'ukan tagwayen biyu ba.

Ƙasar Suwidin, wadda ke da rajistar lafiya ta dukkan al'ummarta, ta ba da damar duba lamarin ta wata fuskar. Da aka bi 'ya'yan riƙo, waɗanda suka tashi a hannun mutanen da ba su haife su ba, an ga cewa haɗarin yana ƙaruwa ne idan iyayen da suka haife su ke da ciwon, ba idan masu riƙon ke da shi ba, kuma an ƙiyasta kason gado da kusan kashi 20 cikin 100. Sai dai wannan rajista ɗin dai ta nuna cewa ma'aurata, waɗanda ba jini tsakaninsu, su ma haɗarinsu yana ƙaruwa idan abokin zama yana da ciwon. Duka biyun gaskiya ne, kuma a ganina duk wanda ya kawo miki ɗaya ya ɓoye ɗaya bai ba ki cikakken labari ba.

Daga nan sai tambaya ta koma kan waɗanne ƙwayoyin gado ne ke da hannu. Shekaru da dama masu bincike suna zaɓar ƙwayar gado guda da suke zargi su gwada ta a mutane ɗari biyu ko uku, kuma wadda ta fi shan wannan gwaji ita ce mai kula da jigilar sinadarin serotonin, domin kusan kashi 90 cikin 100 na wannan sinadari a hanji yake, yana kuma daidaita motsinsa. Sakamakon ya zama hanjin jimina, akwai na ci akwai na zubarwa, na zubarwar ma ya fi yawa, saboda abin da wannan rukuni ya gano sai wancan ya kasa maimaita shi. Abin ya canza ne lokacin da aka sami damar duba miliyoyin wurare a ƙwayoyin gadon dubban ɗaruruwan mutane a lokaci guda ba tare da an fara zargin kowane wuri ba. Ɗaya daga cikin manyan ayyuka irin wannan shi ne wanda masana daga jami'o'in Oksfod da Kambirij suka jagoranta, aka buga a mujallar Nature Genetics a 2021, inda aka kwatanta mutane 53,400 masu ciwon da mutane 433,201 marasa shi, sannan aka tabbatar da sakamakon a bayanan wasu masu ciwon sama da 200,000 na kamfanin gwajin gado mai suna 23andMe. Duk da wannan yawa, wurare 6 kacal aka tabbatar suna da alaƙa da ciwon, kuma an ƙiyasta cewa bambance-bambancen gado na yau da kullum suna bayyana ƙasa da kashi 6 cikin 100 na haɗarin. Don ki ga ƙanƙantar wannan, cututtukan kumburin hanji na gaske irin su cutar Kuron an gano musu wurare sama da 200.

Inda waɗannan wurare 6 suke aiki ya fi yawansu muhimmanci. Da yawa daga cikinsu, irin su NCAM1 da CADM2, aikinsu a jijiyoyi da ƙwaƙwalwa yake, kuma an riga an san alaƙar wasunsu da fargaba da ciwon damuwa. Binciken ya nuna cewa tushen gadon wannan ciwo da na fargaba sun yi tarayya sosai. A nan ake yawan kuskuren fahimta, kuma kuskure ne da ke cutar da marasa lafiya, domin sai wani ya ce ashe ciwon a zuciya yake kawai, babu komai a ciki. Ba haka sakamakon ya nuna ba. Abin da ya nuna shi ne ƙwayoyin gadon da ke sa jijiyoyin ƙwaƙwalwa saurin firgita su ne dai ke sa jijiyoyin hanji saurin jin zafi, wato rassa biyu ne daga saiwa ɗaya. Hanji yana da nasa tsarin jijiyoyi mai ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyi, kuma gwaje-gwajen da ake hura ƙaramin balan-balan a cikin hanji sun daɗe da nuna cewa da yawa daga cikin masu ciwon suna jin zafi a matsin da wasu ba sa ma damuwa da shi. Wani nazari da aka bi mutane da shi a Ostireliya ya ƙara haske, domin a kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka haɗa matsalolin biyu, ciwon ciki ne ya fara zuwa, damuwa ta biyo baya.

Akwai 'yan tsiraru da gadonsu ya fi wannan ƙarfi. A 2014 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka sun duba marasa lafiya 584, suka sami kusan kashi 2 cikin 100 da tangarɗa a ƙwayar gado mai suna SCN5A, wadda ke sarrafa wata kafa da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga tsokar hanji da ta zuciya, kuma a cikinsu masu taurin bayan gida sun fi masu gudawa yawa. Haka kuma akwai masu raunin sinadarin da ke narkar da sukari da sitaci a ƙaramin hanji, inda wani sauyi na gado da ya yaɗu a cikin mutane ke rage ƙarfinsa da kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da bai narke ba ya wuce babban hanji ya jawo ruwa da iska da gudawa. Waɗannan misalai suna nuna cewa sunan IBS rumfa ce da ta tara matsaloli daban-daban. Amma game da tambayarki ta gwaji, babu gwajin gado da aka amince da shi don hasashen wanda zai kamu, kuma ba na ba ki shawarar kashe kuɗi a kan masu tallata irinsa, musamman da yake mafi yawan mutanen da aka yi waɗannan nazarce-nazarce a kansu 'yan asalin Turai ne, sakamakon kuwa ba lalle ya hau kan sauran al'ummomi daidai ba. Abu ɗaya da ya tabbata a yawancin ƙasashe shi ne mata sun fi maza samun ciwon da kusan ninki ɗaya da rabi, kuma da yawa alamunsu na tsananta lokacin al'ada.

Idan aka bar gado aka dawo kan abin da ke samun mutum, hujja mafi ƙarfi tana kan gudawar da ƙwayoyin cuta ke jawowa. A watan Mayu na 2000, ruwan sama mai yawa ya kwashi kashin shanu ya shigar da shi rijiyar da ke ba garin Walkerton na Kanada ruwa, mutane kusan 2,300 suka kwanta da bakteriyar E. coli da Campylobacter, 7 suka rasu. Musiba ce, amma ta ba masu bincike abin da ba za a taɓa iya shiryawa da gangan ba, wato gari guda da aka san ranar da cuta ta shige shi. Bayan shekaru 2 zuwa 3, kusan kashi 36 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar sun yi gudawar suna da ciwon rikicewar hanji, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba kashi 10 ne, kuma bayan shekaru 8 adadin a cikin waɗanda suka yi gudawar ya sauko zuwa kusan kashi 15. A birnin Bergen na Norwe, inda ƙwayar Giardia ta gurɓata ruwa a 2004, an sami ciwon a kashi 46 na waɗanda suka kamu bayan shekaru 3, a kan kashi 14 na waɗanda ba su kamu ba. Da aka tattara nazari 45 a 2017, an ga cewa kusan mutum ɗaya cikin goma da suka yi irin wannan gudawa suna samun ciwon cikin shekara, haɗarin ya ninka kusan sau huɗu, kuma ya fi yawa ga mata, ga waɗanda gudawar ta yi wa tsanani, ga masu fargaba ko damuwa a lokacin, da waɗanda suka sha magungunan kashe bakteriya. Ki lura cewa ko a Walkerton, mafi yawan waɗanda suka kwanta sun warke ba tare da sun ci gaba da ciwon ba, kuma da aka duba ƙwayoyin gadonsu an ga alamun cewa bambanci a waɗanda ke kula da garkuwar jiki da ƙarfin bangon hanji yana da hannu wajen ware wanda ciwon zai zauna masa. Wannan shi ne misali mafi kyau da nake da shi na yadda gado da abin da ya faru ke haɗuwa, kuma yana iya zama bayanin bambancin da ke tsakaninki da ƙanwarki.

Nazarin yanayin rayuwa ya fi wuya, domin ciwon da kansa yana canza rayuwar mai shi. Wanda cikinsa ke murɗawa ba ya barci da kyau, yana rage fita, yana ƙaurace wa wasu abinci, saboda haka idan aka tambaye shi yau aka ga yana da ƙarancin barci, ba a san wanne ya haifi wanne ba. Maganin wannan shi ne a fara da mutane masu lafiya a bi su shekaru. Haka masu bincike daga Hong Kong suka yi da bayanan manya 64,268 na rumbun bayanan lafiya na Birtaniya mai suna UK Biobank, suka buga a mujallar Gut a 2024 bayan bibiya ta kusan shekaru 12 da rabi, inda mutum 961 suka sami ciwon. Sun duba kyawawan halayen rayuwa biyar, kuma wanda ke da ɗaya haɗarinsa ya ragu da kashi 21 cikin 100, mai biyu da kashi 36, mai uku zuwa biyar da kashi 42. Da aka ware halayen ɗaya bayan ɗaya, uku ne suka tsaya da ƙafafunsu: isasshen barci mai kyau ya rage da kashi 27, motsa jiki mai ƙarfi da kashi 17, rashin taɓa shan taba da kashi 14. Ingancin abinci da batun barasa ba su nuna tasiri su kaɗai ba. Nazari ne mai kyau, amma mutanen cikinsa matsakaicin shekarunsu ya haura 50 alhali ciwon ya fi farawa a ƙuruciya, kuma su ne suka ba da labarin halayensu da bakinsu, don haka na ɗauke shi a matsayin manuniya mai ƙarfi wadda ba ta kai hukuncin ƙarshe ba. Abin da ke ƙara mini natsuwa da shi shi ne ya dace da wasu hujjoji. A wani nazari kan ma'aikatan jinya a Amurka a 2010, masu aikin karɓa-karɓa tsakanin dare da rana kashi 48 suna da alamun ciwon, masu aikin rana kuwa kashi 31. A Suwidin kuma an raba marasa lafiya 102 gida biyu a 2011, waɗanda aka sa motsa jiki sau 3 zuwa 5 a mako na tsawon makonni 12 suka sami sauƙin alamu fiye da ɗaya rukunin.

Game da abinci, wanda shi kowa ke fara zargi, a bambanta abin da ke haifar da ciwo da abin da ke tayar da shi. Albasa, tafarnuwa, alkama, wake, madara, zuma da wasu 'ya'yan itatuwa suna ɗauke da nau'ukan sukari da ba sa narkewa sosai, suna jawo ruwa zuwa hanji, bakteriya kuma su mayar da su iska. Hakan na faruwa a cikin kowa, amma mai saurin jin hanji ne ke jin zafinsa. Tsarin rage waɗannan abinci da aka ƙirƙiro a jami'ar Monash ta Ostireliya yana taimaka wa mutane da dama, amma na makonni 4 zuwa 6 ne, daga nan a riƙa dawo da su ɗaya-ɗaya don gano masu laifi. Na fi jin tsoron mai ciwon da ya hana kansa rabin abinci na shekaru har ya rame fiye da wanda ke cin albasa yana kumburi.

Ga 'ya'yanki, abubuwan da ke hannunki su ne tsaftataccen ruwan sha da wanke hannu don rage gudawa, da kauce wa ba su magungunan kashe bakteriya ba tare da likita ya ga buƙata ba, domin masu wannan ciwo sun fi ba da labarin yawan shan su a yarinta, ko da yake mai yiwuwa cutar da aka sha maganin dominta tana da nata kason. Tsangwama da tashin hankali a yarinta su ma suna da alaƙa da ciwon a girma. Sannan idan yaro ya ce cikinsa na ciwo, a saurare shi a duba shi, amma idan an tabbatar babu haɗari kada a mayar da ciwon abin da gida ke zagayawa a kansa ko dalilin fashin makaranta a kai a kai, saboda nazarin da aka yi kan 'ya'yan iyaye masu ciwon ya nuna cewa yawan nuna firgici yana ƙara wa yaro kuka da ciki.

Ke kuma, kada ki yanke wa kanki hukunci cewa ciwon mahaifiyarki ne ya same ki tun ba a duba ki ba. Cutar siliyak, wadda alkama ke tayarwa, da cututtukan kumburin hanji suna kama da wannan ciwo a alamu, kuma sun fi shi bin jini. Ya kamata likita ya auna yawan jininki da alamar kumburi a jini, ya yi gwajin siliyak, idan kuma gudawa ta fi yawa ya duba bayan gida don ƙwayoyin cuta da sinadarin kalfurotektin, mai nuna kumburin hanji. Idan kina ganin jini a bayan gida, ko kina ramewa ba dalili, ko gudawa na tashinki daga barci, ko akwai ƙarancin jini, ko wani a danginku ya yi sankarar hanji, ko alamun sun faro bayan shekara 50, to kada ki jinkirta, domin waɗannan na buƙatar a leƙa hanji da na'ura. Idan duk an kawar da su, ki sani cewa ciwon rikicewar hanji ba ya rikiɗa ya zama sankara kuma ba ya rage tsawon rai. Kafin ki je asibiti, ki yi makonni biyu zuwa huɗu kina rubuta abin da kika ci, awannin barcinki, ranakun al'ada, da yadda bayan gida ya kasance, ki kuma tuna ko alamun sun faro ne bayan wata gudawa mai tsanani ko bayan shan magani. Ki tambayi mahaifiyarki ma ko an taɓa yi mata gwajin siliyak, domin idan ba a yi ba, sakamakonsa zai amfane ku ku biyun.